Yadda Ake Girka Murfin Akwatin Iska a Ƙaramin Jirgin Ruwa na Katako, Kuma a Hana Shi Yoyo

Ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, irin wanda mutum zai haɗa da filawud a gidansa ya kai shi madatsar ruwa ta Zobe a Dutsin-Ma, ko ta Ajiwa, ko ta Daberam a ƙasar Daura, ya bambanta da kwale-kwalen masunta ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Yana da doguwar sanda da ƙyalle a jikinta, saboda haka iskar da ke zuwa gaban hadari tana iya kifar da shi kafin matuƙi ya ankara. Abin da ke riƙe shi a saman ruwa bayan ya kife shi ne akwatunan iska da ake ginawa a goshinsa da bayansa da ƙarƙashin kujerun gefe. Kowace lita ɗaya ta iskar da aka kulle tana ɗaukar nauyin kilo ɗaya a ruwan daɗi, wato akwati mai lita 60 zai riƙe kusan kilo 60 muddin ruwa bai shige shi ba.

Akwatin da aka rufe ruf ba ƙofa yana tara gumi a ciki, katakon ya ruɓe ba tare da mai shi ya sani ba, kuma babu hanyar sa hannu a ɗaure noti. Don haka ƙofa dole ce. Amma kowace ƙofa rami ce da ka huda da hannunka a wurin da rayuwarka ta dogara da shi, kuma ruwa yana da hanyoyi uku na bi ta cikinta: ta bakin filawud ɗin da zarto ya yanka, ta ƙarƙashin firam, wato zoben da murfi ke zama a kai, da ramukan ƙusoshinsa, da kuma tsakanin murfi da firam. Kowace hanya da maganinta daban. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi kwalbar silikon ɗaya a shafe ko'ina da ita, a ɗauka an toshe duka ukun.

Zaɓen murfi da wurin da zai zauna

Murfi iri biyu ne. Akwai na roba mai tauri, zagayayye, wanda ake murɗawa kamar marfin jarka, yana zuwa da firam ɗinsa da zoben roba a ciki. Akan same shi da faɗin inci 4 ko 5 ko 6 ko 8, kuma yawanci sai an yi odarsa daga Legas ko ta intanet. Akwai kuma na katako mai kusurwa huɗu wanda kafinta zai yi da kansa. A ganina, idan buƙatar ita ce shan iska da dubawa kawai, na roba mai inci 6 ya fi, domin hannu riƙe da sifana yana shiga cikinsa, kuma ƙaramin zagayayyen murfi ya fi babban mai kusurwa sauƙin liƙewa nesa ba kusa ba. Na katako sai inda ake son ajiye kaya masu girma kamar igiya da anga. A zaɓi fari, kada a zaɓi baƙi, saboda ranar bazara a Katsina tana kai ma'aunin zafi 40 a inuwa, baƙar roba kuwa tana ɗaukar zafin da ya wuce haka da nisa har ta lanƙwashe.

Wurin da za a huda yana buƙatar tunani fiye da yadda ake zato. Ka tambayi kanka inda ruwa zai tsaya idan jirgin ya kwanta a gefensa, ka kuma tambayi inda zai tsaya idan an miƙar da shi cike da ruwa. Murfin da ke kusa da tsakiyar jirgi kuma a sama ya fi zama lafiya a duka halayen biyu, wanda ke ƙasa a bangon akwati kuwa zai nutse duk lokacin da ruwa ya taru a ƙafafun matuƙi. Kada a sa shi inda ake zama ko takawa, kada a sa shi dab da gindin sanda inda katako ke ɗaukar nauyin iska, kuma kada a yanke wani ƙashin jirgi don a samar masa wuri. A bar tazarar aƙalla santimita 5 tsakanin bakin rami da kowane bango. Abu na ƙarshe shi ne wurin ya zama shimfiɗaɗɗe sosai: a ɗora rula ta ƙarfe a tsaye da a kwance, idan haske ya ratsa ƙarƙashinta, to sai an manna wani faifan katako an daidaita shi kafin a ci gaba, domin firam ɗin roba da aka tilasta wa bin lanƙwasa ba zai taɓa riƙe zobensa daidai ba.

Yanka da ƙarfafa baki

A zana ramin a kwali tukuna, a yanke, a gwada firam a ciki, sannan a kwafa a kan jirgi da fensir. Ramin ya fi wuyan firam faɗi da kamar milimita 2 ta kowane gefe, don a bar wa ifokzi (gam mai ruwa biyu da ake haɗawa, ruwan gam da ruwan daskarwa) da fenti wuri. A manna salatif na takarda a kan layin don kada fatar filawud ta tsattsage, a huda ƙaramin rami a cikin da'irar, a zura bakin zarton lantarki mai ƙananan haƙora, a bi layin a hankali. Idan ramin mai kusurwa huɗu ne, kada a bar kusurwoyin da kaifi. A zagaye su da lanƙwasa ta kamar santimita 2 da rabi, saboda tsagewa daga kusurwa mai kaifi take farawa. Bayan haka a gyara bakin da magagari da sanfefa.

Filawud ɗin ƙaramin jirgi yakan kasance milimita 6, wanda bai isa ya riƙe ƙusa ba, kuma yanka ya raunana shi. Saboda haka a yanko zoben filawud mai kaurin milimita 9 ko 12, faɗinsa santimita 4 zuwa 5, a manna shi daga ciki kewaye da ramin. Tun da zoben ya fi ramin girma, sai a raba shi gida biyu a shigar da shi, a haɗa a ciki, a matse da kilam har ya kama. A yi amfani da ifokzi da aka kaurara da lallausan garin katako har ya daina zuba daga cokali. Farin gam na kafintoci ba shi da wuri a wannan aiki, domin ruwa yana narkar da shi. Ruwan faiba da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi ya fi arha, amma bai kama katako kamar ifokzi ba, kuma yakan ɓare bayan katako ya sha kumbura da motsewa tsakanin damina da hunturu.

Rufe bakin katako da ramukan ƙusa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke yanke hukuncin shekarun da jirgin zai yi. Filawud falle-falle ne, kuma a bakin da aka yanka jijiyoyin katakon a buɗe suke, suna zuƙar ruwa su kai shi nesa da ramin ta tsakanin fallayen. Filawud na jiragen ruwa, wanda ke ɗauke da hatimin BS 1088, ana haɗa shi da gam mai jure tafasasshen ruwa, amma da wuya a same shi wurin 'yan katako a Katsina ko Daura. Wanda ya yi aiki da na kasuwa ya fi kowa buƙatar ya kula da wannan mataki. Guntun da aka cire daga ramin ma yana da amfani: a tafasa shi a tukunya na awa ɗaya, idan fallayen suka rabu, an san irin katakon da ake da shi.

A shafa wa bakin ifokzi tsantsa, ba kauri, shafi uku. Na farko katako zai shanye shi kusan duka. A ƙara na biyu da na uku tun wanda ya gabata yana ɗan danƙo, don su haɗe ba sai an goge ba. A auna haɗin daidai yadda kamfani ya rubuta, ko 2 da 1 ne ko 5 da 1, da sirinji biyu daban-daban. Ƙara ruwan daskarwa ba ya sa shi saurin bushewa, sai dai ya bar shi da laushi har abada. Zafinmu yana da tasiri biyu a nan. Na farko, duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aiki da haɗin da kusan rabi, kuma idan aka bar shi da yawa a kofi zai yi zafi da kansa har ya yi hayaƙi, saboda haka a dama kaɗan-kaɗan a faffaɗan mazubi. Na biyu, katakon da ke ɗumama yana fitar da iska, iskar kuma tana huda shafin ta bar ƙananan ƙofofi. Maganin shi ne a yi shafin farko bayan la'asar, lokacin da katako ya fara hucewa, a inuwa. A sa safar hannu, domin ifokzi yana jawo ƙaiƙayin fata wanda idan ya kama mutum ba ya rabuwa da shi.

Ramukan ƙusa su ma baki ne a buɗe. A ɗora firam, a yi alamar kowane rami, a cire firam. Idan ƙusar mai noti ce ta milimita 4, a huda rami na milimita 9 ko 10, a toshe ƙasansa da salatif, a jiƙa cikinsa da ifokzi tsantsa, sannan a cika shi da mai kauri. Washegari, bayan ya daskare, a sake huda tsakiyarsa da milimita 4 da rabi. Ta haka ƙusa tana ratsa ifokzi ne ba katako ba, ko da ruwa ya bi ta jikinta ba zai sami abin ruɓarwa ba. A ɗan faɗaɗa bakin kowane rami daga sama kamar mazurari, don abin liƙi ya taru a wurin ya zame wa ƙusar abin wuya. Daga nan a wanke wurin da ruwa don cire maiƙon da wasu nau'o'in ifokzi ke fitarwa, a goge da sanfefa, a yi fenti, saboda hasken rana yana cinye ifokzin da ba a rufe ba.

Zaunar da firam

Aikin abin liƙin da ke ƙarƙashin firam shi ne cike gurbi, riƙewa kuwa aikin ƙusoshi ne. Wanda na fi so shi ne butil, wata roba mai danƙo da ke zuwa a naɗe kamar tef, ba ta bushewa, kuma tana barin a cire firam bayan shekaru ba tare da an fasa komai ba. Aibinta a ƙasarmu shi ne zafi yana sa ta laushi ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan, sai an bi ana ƙara ɗaure ƙusoshi a makonnin farko. Gam ɗin foliyuritan irin su Sikaflex 291 ko 3M 4200 yana da kyau a kan katako, sai dai da laimar iska yake bushewa, don haka a tsakiyar hunturu zai ɗauki lokaci fiye da abin da aka rubuta a jikinsa. A guji 3M 5200 a nan, domin idan ya kama, ranar da rana ta cinye firam ɗin roba aka zo canja shi sai ya taho da fatar katakon. Gam ɗin folisalfaid yana lalata wasu nau'o'in roba. Silikon kuwa bai cutar da roba, amma yana barin wani santsi wanda fenti da ifokzi ba sa kamawa a kansa ko bayan an kankare.

A tsabtace fuskokin biyu da sifirit, a zagaye wurin da salatif don kada a ɓata fenti. A shimfiɗa abin liƙin a ƙarƙashin firam a layi ɗaya da bai yanke ba, ya zagaye kowane ramin ƙusa, a kuma naɗa kaɗan a wuyan kowace ƙusa. Ƙusoshin su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Mai lamba 304 ya wadatar a ruwan madatsa, 316 na ruwan gishiri ne. Baƙar ƙusar silin da ta cika kasuwa za ta yi tsatsa a damina ɗaya. A sa wosha mai faɗi daga ciki, a riƙe kan ƙusar da sukudireba kada ta juya, a murɗa notin kawai, saboda juyawar ƙusa tana yage liƙin da ke wuyanta. A ɗaure su gaba da gaba, wannan sannan na daura da shi, yadda ake ɗaure tayar mota, kuma da hannu, ba da inji ba. Bayan kowane zagaye a gwada murɗa murfin. Da zarar ya fara tauri, an matse wani gefe fiye da kima, sai a sassauta. Idan foliyuritan ne, a tsaya tun da sauran kaurin milimita 1 zuwa 2 a ƙarƙashin firam, don wanda ya matse har gam ya fice duka ya bar roba a kan katako tsirara.

Murfin katako da gaskit ɗinsa

Murfin katako yana buƙatar a ɗaga masa baki kewaye da ramin, kamar yadda ake ɗaga bakin rijiya don kada ruwan sama mai gudu ya koma ciki. A yi bakin da katako mai ƙwari, tsawonsa santimita 3 zuwa 4, a manna shi da ifokzi, a cike kusurwar da ke tsakaninsa da saman akwatin da haɗi mai kauri a shafe da bayan cokali. Samansa ya zama a miƙe ɗaya: a manna sanfefa a jikin faffaɗan katako a goge duka ɓangarorin huɗu tare. Murfin ya zama da leɓe da ke saukowa ya rufe bakin daga waje, da tazarar milimita 3 don kumburin damina, kuma a ƙarfafa shi da sanduna daga ƙasa, domin murfin da ke lanƙwashewa yana matse gaskit, wato robar da ke toshe tsakanin murfi da baki, kusa da maɗauri ne kawai.

Gaskit ɗin ya zama soson roba mai rufaffun ƙofofi, na EPDM ko niyofirin, kaurin milimita 6 zuwa 8. Gwajinsa mai sauƙi ne: a matse guntunsa a cikin ruwa a saki, idan ya sha ruwa, soson katifa ne, a ajiye shi. Robar ƙofar mota galibi EPDM ce kuma tana aiki idan ba a sami wani ba. Tub ɗin taya kuwa ba shi da laushin da zai cike gurbi. A manna gaskit a ƙarƙashin murfi, inda rana da ƙafa ba sa kai masa, kada a ja shi yayin mannawa don zai koma ya bar giɓi. Mahaɗarsa ta zama a tsakiyar miƙaƙƙen gefe, a yanka bakunan a karkace a haɗa da gam, ba a kusurwa ba. Matsewar da ake so ita ce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kaurinsa. Wanda aka murƙushe gaba ɗaya yana mutuwa ya daina dawowa.

Hinji yana hana gefensa matsewa daidai da sauran, don haka a ƙaramin murfi gara a bar shi. A sa maɗaurai a kowane gefe, tazararsu kada ta wuce santimita 30, ko kuma a gitta sanda mai ƙarfi daga cikin akwati wadda ƙusa ɗaya daga tsakiyar murfi za ta jawo, da woshar roba a ƙarƙashin kanta. Kowane murfi, na roba ko na katako, a ɗaure shi da 'yar igiya daga ciki.

Numfashin akwati

Akwai wani lamari da ya shafe mu fiye da masu ƙera jiragen a Turai. Idan aka rufe akwati da asuba iskar cikinsa tana kan digiri 25, rana ta kai ta 55, ƙarfin turinta yana ƙaruwa da kashi 10 cikin 100. A kan murfi mai santimita 30 a kowane gefe, wannan ya kai nauyin kilo 90, kuma bangayen akwatin duka suna shan irinsa gwargwadon faɗinsu. Sannan idan aka tura jirgin mai zafi cikin ruwa, iskar ta huce ta motse, sai akwatin ya zuƙo ruwa ta duk wata 'yar kafa. Maganin shi ne a huda rami ɗaya na milimita 1 a wuri mafi tsayi kusa da tsakiyar jirgi, a shafe cikinsa da ifokzi. Ruwan da zai bi ta nan a lokacin kifewa bai taka kara ya karya ba. A riƙa zura masa allura lokaci-lokaci, domin ƙura da zanzaro suna toshe shi.

Gwaji

A fara da alli: a shafa shi a saman bakin, a rufe murfi, a buɗe, duk inda gaskit bai ɗauki alli ba, nan ne giɓi. Sannan gwajin iska. A samo siririn tiyon da magina ke auna lebur da shi, a lanƙwasa shi kamar harafin U da ruwa a ciki, a haɗa baki ɗaya da akwatin ta ramin da ake zubar da ruwan cikinsa, a toshe ramin numfashi da salatif, a hura da baki ta wani reshen tiyo har bambancin ruwan ya kai santimita 10 zuwa 12, a matse. Idan ruwan ya sauka nan take, akwai yoyo. A shafa ruwan sabulu a kan firam da kawunan ƙusoshi da mahaɗun akwatin, kumfa za ta nuna wurin. Kada a kusanci injin iskar mai faci, zai fasa akwatin kafin a kai hannu a kashe. A tuna cewa iskar ciki tana tura murfi waje ne, ruwa kuwa ciki yake tura shi, saboda haka gwajin ƙarshe a ruwa ake yin sa: a sa rigar ceto, a sami abokin aiki, a kifar da jirgin a wurin da ruwa bai wuce ƙirji ba, a bar shi minti 10 a kowane gefe, a fito da shi a buɗe. Cokali biyu ko uku ba komai ba ne, amma kofi guda yana nufin a koma kan sabulu.

Bayan kowace fita a buɗe murafen duka a bar akwatunan su sha iska a inuwa, a rufe bakinsu da guntun gidan sauro saboda kunama da ɓera. Ƙurar hunturu tana taruwa a zaren murfi da kan zoben roba, a wanke ta da ruwa kafin a murɗa. A shafa wa zoben man silikon, ba basilin ko gires na mota ba, domin man fetur da danginsa suna kumbura EPDM. Kafin damina a danna gaskit da farce a wurare da dama. Idan shatin ya zauna bai dawo ba, ko robar ta fara tsattsagewa, a ɓare shi duka a sa sabo, a maimaita gwajin alli.